Yadda Ake Sanya Gilashi ga Tsohuwar Fijo 504 Ba Tare da An Fasa Shi Ba

Wanda ya ɗauki tsohuwar Fijo 504 da niyyar maido da ita yadda ta fito daga kamfani yakan ƙarar da kuɗinsa da hankalinsa a kan inji da walda da fenti, ya bar gilashi sai ranar ƙarshe, yana ganin aiki ne na rabin sa'a. A wannan ranar ce ake yawan tafka asara, domin gilashin da aka sha wahalar nema yana iya tsagewa a hannu cikin daƙiƙa ɗaya, ko kuma ya zauna lafiya ƙalau amma ruwan farko na damina ya bi gefensa ya jiƙa dardumar mota. A mafi yawan lokuta laifin ba na gilashin ba ne. Laifin yana jikin ƙarfen da zai zauna a kai, ko jikin robar da za ta riƙe shi, ko kuma gaggawar masu aikin.

An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a ƙasarta ta asali. Wannan dogon zamani yana da amfani ga mai gyara, tun da har yanzu ana samun kayanta a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Yana kuma da illa, saboda da yawa daga cikin motocin da suka rage sun yi aikin haya a manyan hanyoyi, sun yi karo, an buge su an miƙe, har ramin gilashinsu ya daina zama daidai.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yadda gilashin yake riƙe. A motocin zamani manna gilashin gaba ake yi da gam mai ƙarfi, ya zama wani ɓangare na jikin motar. A 504 da sa'o'inta roba ce take riƙe shi. Robar tana da tsaga guda wadda bakin gilashi yake shiga, da tsaga ta biyu wadda take cafke siririn leɓen ƙarfen da ya kewaye ramin, sannan sau da yawa akwai ta uku a waje wadda ƙarfen ado mai ƙyalli yake zama a ciki. Dukkan aikin da za a bayyana a nan dabara ce ta sa leɓen roba ya tsallake leɓen ƙarfe ba tare da an matsa wa gilashin ba.

Zaɓen gilashi

Gilashin mota iri biyu ne, kuma wajibi ne mai saye ya iya bambanta su. Na farko mai falle biyu ne da aka manne da siririyar roba mai suna PVB a tsakani, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Idan dutse ya same shi sai ya tsage, amma ya tsaya a wurinsa. Na biyu falle ɗaya ne da aka gasa da wuta aka sanyaya shi da sauri, ya yi ƙarfi sosai, amma ranar da ya fashe sai ya ruguje gaba ɗaya ya zama ƙanana kamar tsakuwa. Gilasan ƙofa da na baya galibi gasassu ne. Yawancin motocin Turai na shekarun 1960 da 1970 sun zo da gasasshen gilashi har a gaba, amma duk wanda zai sabunta na gaba a yau, mai falle biyu ya kamata ya saya, domin direban da gilashinsa ya rikiɗe fari fat yana tsaka da gudu a hanyar Kaduna zuwa Zariya ba ya ganin abin da ke gabansa. Ana gane mai falle biyu ta duban bakinsa, inda layin robar yake bayyana a tsakiya. A kusurwar ƙasa kuma akwai tambari. Harafin E da lamba a cikin da'ira yana nuna ƙasar da ta amince da shi, E1 Jamus ce, E2 Faransa, yayin da alamar AS1 take nuna cewa ya cika ƙa'idar Amurka ta gilashin gaba.

Idan na hannu za a saya, wanda aka ciro daga motar da aka yanka, a fito da shi rana a wanke shi kafin a yi ciniki. A ɗaga shi a dubi hasken rana ta cikinsa, saboda yashi da ƙurar hunturu suna yi wa gilashi ƙananan ramuka waɗanda ba a ganinsu a inuwar shago, sai da dare fitilar mota mai zuwa ta watsu a kansu ta kashe ido. A bi sawun waifa da farce. Idan farce ya maƙale a cikin ƙarzar, gogewa ba za ta fitar da ita ba. A duba gefuna ko akwai fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga tsakanin fallayen ke nan, kuma ba ya gyaruwa. Mafi muhimmanci, a shafa bakin gilashin kaf da yatsa a hankali. Ɗan ɓalli ƙarami kamar ƙwayar gero a bakin gilashi mai falle biyu shi ne inda tsagewa take farawa da zarar an danna. A kuma tuna cewa gilashin baya da na ƙofofin baya na salun dabam suke da na wagon, saboda haka a tafi kasuwa da tsohon ko da awonsa a kwali. Wajen ɗaukowa gida a tsaye ake ɗora shi a kan bargo ko tsohuwar katifa, ba a kwance ba.

Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba a rage shi, ba a huda shi. Duk wanda ya ce zai ɗan goge gefen gilashin ƙofa don ya shiga, a karɓe shi daga hannunsa. Haka nan ba a sa gilashin tagar gida a mota ko da na kwana ɗaya ne, domin yana fashewa ne dogaye masu kaifi kamar wuƙa. Motocin da gilashinsu shimfiɗaɗɗe ne ba lanƙwasa, kamar tsohuwar Land Rover, su ne kaɗai ake iya yanka musu daga babban falle mai roba a tsakiya.

Game da robar da take riƙe gilashin a jikin mota, ra'ayina shi ne a sayi sabuwa ko da tsohuwar tana da kyan gani. Robar da ta sha ranar arewa shekara ashirin ta bushe, ta ɗauki siffar tsohon gilashin, kuma ba za ta lanƙwasu wajen jan igiya ba. A lanƙwasa sabuwar da hannu a shago. Idan ta nuna ƙananan tsage-tsage, ta daɗe a ajiye ke nan.

Cire tsohon

A cire hannayen waifa, da madubin ciki, da marufan rana, a shimfiɗa bargo a kan bonet da dashbod, a toshe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashin gilashi da salatif don kada ɓaraguzai su faɗa ciki. Kafin a taɓa ƙarfen ado, a tsaya a lura da yadda yake zaune, domin iri biyu ne. Akwai wanda yake da ƙugiya a bayansa, ana sa shi cikin roba tun gilashin yana kan tebur, kuma ba ya fita lafiya sai an ciro gilashin da robarsa, kamar yadda yake a Volkswagen Beetle. Akwai kuma siririn zare na ado wanda ake cusawa a ƙarshe don ya buɗa robar ta matse, shi kuwa shi ake fara zarewa. A ɗauki hoto da waya, a rubuta wa kowane yanki alama a bayansa, saboda ƙarfen ado da aka lanƙwasa da sukudireba ba ya komawa daidai, kuma samun wani ya fi samun gilashin wuya.

Tun da an yanke shawarar sayen sabuwar roba, hanya mafi aminci ita ce a yanke tsohuwar. A sa wuƙa mai kaifi a yanke leɓen da ya rufe gilashin ta waje, a bi shi har a kewaye, ana kiyaye bakin wuƙar daga gilashi da fenti. Sannan mutum ɗaya ya shiga ciki ya tura kusurwar sama da tafin hannu a hankali, wani yana waje yana tarba, dukansu da safar hannu da tabarau. Al'adar zama a kujera a tokare gilashi da ƙafafu tana aiki ga gasasshen gilashi a wasu lokuta, amma mai falle biyu ba ya jure ta.

Gyaran ramin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. Idan robar ta fita za a tarar da busasshen gam, da ƙasa, da tsatsa, musamman a kusurwoyin ƙasa biyu inda ruwa yake kwanciya. A kankare komai har sai farin ƙarfe ya bayyana, da burushin waya da samfefa. Inda tsatsa ta huda ƙarfen, walda ce maganinsa: a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon falle, a goge ya yi daidai da kaurin na asali. Cike ramin da fila, wato ƙullin da masu gyaran jiki suke shafe lotsawa da shi, yaudarar kai ce, domin fila tana shan ruwa, tsatsar ta ci gaba a ƙarƙashinta, bayan damina biyu fentin ya kumbura a gefen roba. Idan kuma waldar ta yi kauri, tsagar robar ba za ta haɗiye leɓen ba, sai ta tsaya a buɗe ta matse gilashin a wuri guda.

A bi leɓen da yatsa ana neman inda ya lanƙwashe ko ya yi tsini, a daidaita shi da ƙaramar guduma da ƙarfen tokare. Sannan a yi awo. A auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake aunawa daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama. Idan awon biyu sun bambanta a fili, motar ta taɓa yin hatsari kuma rufinta ya karkace. Bayan haka mutum biyu su ɗauki gilashin tsirara, ba roba, su kara shi a ramin a kan ƴan guntayen kwali, a duba ko tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfe daidai take a kowane gefe, kuma ko lanƙwasarsa ta bi ta motar. Na taɓa tsayawa a wani gareji inda aka fasa gilashi biyu a jere a kan mota guda, ana zagin mai sayar da gilashi, sai da wani dattijon mai gyaran jiki ya ɗauko tef ya auna, ya nuna cewa ginshiƙin gefen direba ya shigo ciki tun wani tsohon karo. Da an yi wannan gwaji na minti biyar tun farko, da kuɗin gilashi biyu sun tsira.

Idan ƙarfen ya daidaita, a shafa firama mai hana tsatsa, a yi fenti, a bar shi ya bushe sosai na kwanaki, saboda igiya da roba suna kwashe ɗanyen fenti. Yadin rufin ciki ma a wannan lokacin ake gama shi, domin bakinsa yana naɗewa ne a kan leɓen ƙarfe, robar gilashi ta danne shi. Wanda ya sa gilashi kafin yadin rufi zai sake cire shi.

Sanya gilashin da igiya

Kayan aikin kaɗan ne: igiyar nailan mai santsi mai kaurin milimita 4 zuwa 5, irin wadda ake tayar da ƙaramin janareta da ita, tsawonta ya kewaye gilashin har ya yi rarar kamar mita ɗaya, ruwan sabulu a gora, ɗan katako ko roba mai faɗin baki, salatif, da mutum biyu, uku sun fi. Ba a shafa wa roba baƙin mai ko giris ko kananzir, domin suna kumbura ta su lalata ta, man birki kuma yana cinye fenti. A shanya robar a rana na ɗan lokaci ta yi laushi, amma gilashin da motar su kasance a inuwa. Safiya ta fi dacewa, kafin ƙarfe ya yi zafin da ba a iya dafa shi.

A kwantar da gilashin a kan tebur mai bargo. A nemo tsakiyarsa sama da ƙasa a manna salatif, a yi irin wannan alama a jikin motar. A fara sa robar daga kusurwoyi, a tabbatar kowace kusurwar roba ta hau kusurwar gilashi, sannan a bi tsakani ana cusa bakin gilashin har ƙarshen tsagar. Kada a ja robar don ta kai, kada kuma a yanke ta don ta yi kamar ta yi yawa, rarraba ta ake yi har ta zauna daidai. Idan ƙarfen adon mai shiga tun farko ne, yanzu ne lokacinsa. Bayan haka a jiƙa igiyar da ruwan sabulu, a cusa ta cikin tsagar da za ta kama ƙarfe, a fara daga tsakiyar ƙasa a kewaye a dawo, bakin biyu su gitta juna da kamar tsawon tafin hannu, a manne rarar a cikin gilashin da salatif don kada ta maƙale a waje.

A shafa ruwan sabulu a leɓen ƙarfe da na roba. Mutum biyu su ɗora gilashin daga waje, su fara zaunar da gefen ƙasa a kan leɓen, su daidaita alamomin tsakiya. Wannan daidaitawa ita ce rabin nasara, domin gilashin da ya karkata da rabin santimita zai shiga gefe ɗaya cikin sauƙi ya ƙi shiga ɗayan. Na cikin motar ya kama baki ɗaya na igiyar ya ja shi a hankali zuwa tsakiyar gilashin, hannunsa yana kusa da fuskar gilashi, ba ya fizgo shi zuwa ƙirjinsa ba. Zai ga leɓen robar yana buɗewa yana tsallake ƙarfen yana kwantawa a ciki. Ya ja kamar taƙi ɗaya a dama, ya koma ya ja taƙi ɗaya a hagu, haka har a gama ƙasa. Na waje kuwa aikinsa ya bi daidai inda igiyar take da buɗaɗɗen tafin hannu, yana danna ciki da ƙasa da nauyi mai sauƙi. Ba a naushi, ba a dafawa da gwiwar hannu, kuma guduma ko ta roba ce ba ta da aiki a nan.

Kusurwoyi ne wurin da roba take yagewa. Idan an iso su a ƙara ruwan sabulu, a riƙa juya igiyar ana zana ƙananan da'irori da hannu maimakon ja kai tsaye, leɓen zai fito kaɗan-kaɗan. A hau gefuna biyu tare, a ƙare a tsakiyar sama. Idan igiyar ta yi tauri ƙwarai ko ta zame ta bar wani wuri bai hau ba, a tsaya. Ɗan ƙaramin wuri ana iya jawo shi da ƙugiya marar kaifi, amma idan ya kai tsawon hannu, a turo gilashin waje a sake daga farko. Sake farawa sau biyu ko uku ba abin kunya ba ne, ƙwararru ma suna yi. Da igiyar ta fita, a bi gilashin da ɗan mari na tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don ya zauna, a ɗaga leɓen waje da katakon nan inda ya naɗe. Idan adon mai shiga daga baya ne, a jiƙa tsagarsa a cusa shi da ƙarfensa na musamman mai ido a baki, a bar ɗan rara kafin a yanke domin yana tsukewa daga baya. Gilashin baya ma haka ake sa shi, sai dai idan yana da siraran layukan ɗumama a cire wayoyinsa kafin a fara, kuma kada a kankare cikinsa da reza.

Sai gwajin ruwa. Mutum ya zauna ciki da tocila, wani ya zuba ruwa da tiyo marar ƙarfi, ya fara daga ƙasa yana hawa sama a hankali, domin idan aka fara daga sama ba za a gane ta inda ya shiga ba. Inda aka ga ɗigo, a bari ya bushe, a ɗaga leɓen robar a matsa gam na gilashin mota irin wanda ba ya daskarewa, tsakanin roba da gilashi ko tsakanin roba da ƙarfe. A guji silikon na banɗaki mai warin tsami, saboda tsamin nan yana sa ƙarfe tsatsa, kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa.

Gilashin ƙofa

Wannan ya fi sauƙi, sai dai yana son hannu siriri da haƙuri. A cire hannun ɗaga gilashi da na buɗe ƙofa da madafar hannu, a ɓalle allon cikin ƙofar a hankali don kada maɓallansa su yage kwalin, a ɗaye ledar da ke bayansa a ajiye ta. Idan tsohon gilashin fashewa ya yi, a kwashe ɓaraguzan da ke gindin ƙofar kaf, a buɗe ramukan fitar ruwa da waya, domin toshewarsu ce take ruɓar da ƙasan ƙofofin 504. A sauke injin gilashin har mahaɗarsa ta bayyana ta ramin ƙofar, a kwance ta, a cire robobin da ke share gilashi a bakin taga, sannan a karkata gilashin, gabansa ƙasa bayansa sama, a zaro shi. Idan za a mayar da ƙarfen gindinsa kan sabon gilashi, a auna nisansa daga bakin tsohon kafin a cire, a sa shi daidai wurin da sabuwar roba a ciki, in ba haka ba gilashin zai riƙa hawa a karkace.

A sabunta hanyar da gilashin yake bi, wato robar nan mai gashi-gashi da ke cikin firam, domin idan ta cinye gilashin yana kaɗawa yana ƙara, ƙura kuma tana shiga ta ƙarje shi. A wanke haƙoran injin a sa musu sabon giris, a mayar da gilashin yadda aka ciro shi, a ɗaura kusoshin sako-sako. A ɗaga shi har sama ya zauna a mazauninsa, sannan a ƙara matse su yana a rufe. A gwada hawa da sauka sau da yawa, a zuba ruwa a ga yana fita ta ramukan ƙasa, kafin a manna ledar a mayar da allon ƙofar.